Kwana Casa'in: Kada Azzalumi Ya Fi Mai Gaskiya Farin Jini

Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna shirin Kwana Casa'in a shekarar 2019, jihar Alfawa da aka ƙirƙira a cikinsa ta zama kamar maƙwabciya. Daga birnin Kano har garuruwa irin su Kademi da Gaya da Ajingi, matasa na tura wa juna shirin a waya, a kuma yi ta muhawara a kansa a teburin mai shayi.

Ƙarfin shirin yana wajen 'yan wasansa. Sani Mu'azu ya fito a matsayin Gwamna Bawa Maikada, ɗan siyasar da ba ya jin kunyar murɗiya da sayen mutane. Marubuci Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fito a Malam Adamu, abokin hamayyarsa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake raba kuɗi ranar zaɓe ya san ba tatsuniya ake yi masa ba.

Sai dai akwai abin lura. Idan shiri ya yi tsawo, mugun cikinsa ne ke jan 'yan kallo. Shi ake ba zafafan kalamai, shi ke da motoci da 'yan rakiya. Haka aka gani a Labarina na Aminu Saira, inda Rabi'u Rikadawa ya sa Baba Ɗan Audu, da duk damfararsa, ya shiga bakin yara da manya. Saboda kasuwa, furodusa ba ya son rabuwa da irin wannan tauraro, sai a yi ta ɗage ranar ƙin dillancinsa daga zango zuwa zango.

Yaron da ke kallo a ƙauye ba lallai ya jira ƙarshen labari ba. Abin da yake gani duk mako shi ne mai laifi na cin karensa babu babbaka.

Ba kira muke yi ga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta sa almakashi ba. Gyaran yana hannun marubuta. Su ba mai gaskiya wayo da kwarjini, kada kullum ya zama abin tausayi. Su kuma nuna abin da zalunci ke jawo wa mai shi tun ana tsakiyar tafiya.

'Yan kallo su ma su bambance ɗan wasa da rawar da ya taka. Wanda ya sa ka tsani Bawa Maikada ya iya aikinsa ne, yabo ya cancanta, ba zagi ba.