KURKUKUN TUOL SLENG: JININ TALAKA BA YA BINNUWA

Jama'a, a birnin Phnom Penh na ƙasar Kambodiya akwai wani gida da ake kira Tuol Sleng. Da can makarantar sakandare ce. Da 'yan Khmer Rouge na Pol Pot suka ƙwace mulki a 1975, sai suka mai da ita kurkuku, suka sa mata suna S-21. Yau gidan tarihi ne.

Wanda ya shiga zai ga gadajen ƙarfe da aka ɗaure mutane a kai, da maruruwa, da 'yan ɗakunan bulo da aka yanyanka cikin ajin yara. Zai ga dubban hotuna: dattawa, samari, mata da goyonsu. Azzaluman da kansu suka ɗauki hotunan. Su gana wa mutum azaba har ya ce shi ɗan leƙen asirin Amurka ne ko na Rasha, su rubuta, sannan su kai shi Choeung Ek bayan gari su kashe. Kotu ta tabbatar da mutum fiye da 12,000 da aka tsare a nan, waɗanda suka fita da rai kuwa 'yan ƙalilan ne.

Ku 'yan kasuwa, ku saurara. Wannan mulki ya soke kuɗi, ya rufe kasuwanni, ya kora mutanen birni gona da bakin bindiga. Kafin a tumɓuke shi a 1979, wajen mutum ɗaya cikin huɗu na ƙasar ya halaka. Wai duk don talaka aka yi!

To, su wa ke son a manta? Manya. Bayan 1979, Sin da Amurka da Ingila sun mara wa makasan baya, suka ci gaba da zama a kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya shekara da shekaru. A 1998 Pol Pot ya mutu bai tsaya gaban alƙalin gaskiya ba. A wannan shekara kuma Firayim Minista Hun Sen ya karɓi manyan muƙarrabansa biyu, Nuon Chea da Khieu Samphan, ya ce a haƙa rami a binne abin da ya wuce.

Mu kuwa muna tambaya: wa ya ba shi ikon yafe jinin da ba nasa ba? An tambayi matar da aka kashe wa miji? An tambayi maraya? Kullum haka ne: talaka ya saci akuya a ɗaure shi, babba ya kashe dubbai a ce a yi haƙuri don zaman lafiya.

Da an binne Tuol Sleng, da shugaban kurkukun, Duch, ya sha. Takardun gidan nan da bakin waɗanda suka tsira su suka kama shi: aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012, ya mutu a tsare a 2020. Shi da waɗancan biyun, su uku tak kotun ta hukunta. Kaɗan ne, amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Saboda haka duk wanda Allah ya kai shi can, kada ya shiga kamar ɗan kallon wasa. Ya tsaya ya dubi fuskokin nan ɗaya ɗaya, don shaidu ne. In ya dawo ya faɗa a kasuwa da zaure cewa mulkin da ya hana a tambaye shi, komai daɗin bakinsa, makaranta ma yana iya mai da ita mayanka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.