Ruwan da ba shi da alama

Ni ɗan Isawan ne, a cikin gundumar Mayahi. Wurinmu ba kogi, ba jirgin ruwa. Gulbin Kaba ma sunansa ne kawai gulbi, yawancin shekara rairayi ne da goriba. To me ya haɗa ni da zancen alamomin ruwa? Wata sanda ce.

Muna yara, in damina ta yi ƙarfi ruwa ya cika kwari, akwai sandar da dattawa ke kafawa a mashigi. In ruwa ya rufe tsumman da aka ɗaura mata, ba mai tsallakawa, ko da amalanke ne. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, amma kowa ya san ta. Yanzu sandar babu, kuma ba a maye gurbinta da komai ba.

Abin da duniya ta yi wa manyan ruwaye ke nan, sai dai ta tsara shi. Akwai ƙungiyar IALA mai hedikwata a Faransa, wadda ta daidaita launukan gangunan da ake ɗaurewa a kan ruwa. A Afirka da Turai, in kana shigowa daga teku kana haurawa kogi, ja na hagunka, kore na damanka, ka bi tsakani. A Amurka da Japan an juya launukan. Ganga baƙa mai jan ɗamara, da ƙwallaye biyu baƙaƙe a kanta, tana cewa akwai haɗari a nan ƙasa, ka kauce. Mai zanen ja da fari a tsaye kuwa, ruwa lafiya lau. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai haddace wannan a yini ɗaya.

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife, magana biyu muke ji: an yi lodi fiye da kima, ba rigar ceto. Gaskiya ne, ba na musu. Na Bagwai a Kano, Nuwamban 2021, da ya ci ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, lodi aka ɗora wa laifi. Na Warra a Kebbi, Mayun 2021, mutum sama da 150 ne a jirgi ɗaya. Amma ku tambayi matuƙan tafkin Kainji abin da suke tsoro, za su ce kututture. Itatuwan da ruwa ya haɗiye tun da aka gina madatsar a 1968 suna nan a ƙasa, ba alamar da ta nuna su. Matuƙi na tafiya da abin da ke cikin kansa. In dare ya yi, ko aka ba yaro sitiyari, shi ke nan.

Mu a nan, mashigi ne ke cin mu. Ambaliyar 2024 ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wallahi na sha ganin direba ya tsaya bakin ruwa yana tambayar yara, “Ya kai ina?” Ran mutum ashirin a bakin ɗan shekara goma.

Za a ce kuɗi. Turke na siminti mai fentin ja da fari, da awon zurfi a jikinsa, nawa ne? Jarka ja da jarka koriya, da igiya da dutse, a tafkin Madarunfa ko mashigin Gaya, nawa ne? Za a ce za a sace. E, za a sace, kuma ruwa na kwashe rairayi ya canza hanya kowace shekara, dole a riƙa matsar da alamar. Shi ya sa aikin ba na ofis kaɗai ba ne. Sarkin ruwa da masunta su ne suka san ramuka, su za a ba aikin, a biya su.

Kafin ruwan bana ya sauka, kowa ya ɗauki hoton mashigin garinsu da ba shi da turke, ya rubuta sunan wurin, a haɗa a kai wa hukumar kwamin. Ni zan fara da namu na hanyar kasuwa.