SAKIN BAKI BA TAKARDA

'Yan'uwa na rassan Mai Yara, Sabon Mashi, Kornaka da Dakoro, a karanta wannan takarda da ƙarfi ranar kasuwa, sa'an nan a shiga da ita gidaje, domin maganar ta fi shafar mata.

Kowace shekara, da gero ya ƙare a rumbu, sai mu ga mata da goyo da kwalla a ka suna komawa gidan iyaye. An sake su da baki, ba shaida, ba takarda. Bayan shekara mace ta sami mai nema, sai tsohon miji ya fito ya ce shi bai sake ta ba, yaji ta yi. Wa zai ƙaryata shi? Mun ce wannan zalunci ne, kuma jahilcin doka ne ke ciyar da shi.

Gaskiya ne Nijar ba ta da kundin dokar iyali. An tsara wani a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin malamai suka tashi, aka ajiye shi. An sake gwadawa a 2011, aka sake janyewa. Amma kada kowa ya ce don haka ba doka. Dokar 16 ga Maris 1962 ta ce a maganar aure da saki da gado, alƙali zai bi al'adar masu shari'a, tare da mataimaka da suka san al'adar. Dokokin 2004 da 2018 sun bar wannan ƙa'ida. Al'adar tamu kuwa a gauraye take da mazhabar Malikiyya, wadda malamanmu ke karantawa a Risala.

To, me Malikiyya ta ce? Ta ce saki yana hannun miji, amma da sharaɗi. Ba a saki mace tana haila. Wanda ya yi haka tilasta masa za a yi ya mai da ita. Bayan saki ɗaya ko biyu, mace za ta yi idda tsarki 3 a ɗakinta, ci da tufafi a wuyan miji, kuma yana iya yin kome kafin idda ta cika. Mai ciki iddarta haihuwa. Ku duba da kyau: a ɗakinta aka ce. Watau mai watso wa mace kaya waje daren da ya furta saki ya saɓa wa shari'ar da yake fakewa da ita. Sadaki nata ne in an tare, kayan ɗaki da awakinta ma nata ne.

Mace ma tana da ƙofa. Tana iya fansar kanta da hul'i, ta mai da sadaki ko abin da suka daidaita. In kuwa duka ne, ko rashin ci da sha, ko miji ya tafi cin rani ya yi shiru shekara da shekaru, alƙali na iya raba auren ba ta biya ko dala ba. Nan ne ake cutar mata da yawa: wadda aka zalunta sai a ce ta biya, har da kuɗin goro da na toshi. Ko Faransa mai mulkin mallaka, a dokar Jacquinot ta 1951, ta rubuta cewa macen da aurenta ya mutu bisa doka tana iya sake aure ba mai neman riba a kanta. Abin kunya ne a ce mu 'ya'yan ƙasa mun kasa kai nan.

Maganar 'ya'ya ita ce mai zafi. A garuruwanmu uba kan ƙwace yaro da an yaye shi, ko in ya kai shekara 7. Malikiyya kuwa ta ba uwa riƙon ɗa har ya balaga, 'ya har ta tare gidan miji, muddin uwar ba ta auri bare ba, ciyarwa kuma a kan uba. Mu muna tare da littafi a nan.

Mai gari da sarki aikinsu sulhu ne, haka dokar sarauta ta 2015 ta tsara. In sulhu ya ƙi, hukunci na alƙalin Dakoro ne, kuma wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Dokar 2019 ta rajistar jama'a ta sa saki cikin abubuwan da ake rubutawa, kamar haihuwa da aure da mutuwa.

Saboda haka muna umartar kowane reshe: duk sakin da aka ji a unguwa, a nemi shaidu biyu, a rubuta rana da adadin saki, a kai gaban hukuma a karɓi takarda. Matar da ba ta da kuɗin mota zuwa Dakoro, reshe ya yi mata karo-karo, a kuma haɗa ta da dattijuwa guda ta raka ta.