Rijiya ba ta ba da lantarki, amma farantan da ke bakinta za su iya

Magidancin da ke zaune a ƙauyen da turakun kamfanin NIGELEC ba su kai ba, ko da a kewayen birnin Yamai ne, yana da hujjar tambayar ko ruwan rijiyarsa zai iya kunna masa fitila, tunda da ruwa madatsu ke samar da wuta.

Amsar ita ce a'a. Ruwa ba ya juya injin lantarki sai yana gangarowa daga sama da yawa, kamar yadda aka tsara a madatsar Kandaji da ke jihar Tillaberi, wadda ake sa ran za ta ba da megawat 130. Ruwan rijiya kuwa a ƙasa yake kwance, sai an kashe ƙarfi kafin ya hau. Lita 1,000 da ta zubo daga tsayin mita 10, ko ba a yi asarar komai ba, abin da za ta iya shi ne kunna ƙwan fitila mai wat 5 na kusan awa biyar. Ƙarfin da aka ɗaga ruwan da shi ya fi haka, don haka kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Arzikin da Nijar take da shi a yalwace rana ce. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan makamashin rana ya yi shekaru yana bincike. Lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ƙasar da a lokacin ke samar mata kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 na cikin abin da ya rage wa Yamai zaman duhu.

A nan ne rijiya ke da amfani. Rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana suna ƙaruwa a karkara, kuma da zarar tanki ya cika, farantan sai su zauna banza alhali rana na dukansu. Idan aka ƙara batir da 'yar na'urar daidaita caji, wannan rarar za ta caja wayoyi da fitilun da iyalai za su ɗauka zuwa gida.

Gaskiya ne batir na da tsada, kuma famfuna da yawa sun mutu saboda rashin mai gyara. Amma ɗan kuɗin cajin da za a riƙa karɓa zai iya shiga asusun kwamitin ruwa, a biya matashin garin da aka horar ya kula da kayan.

Ya kamata hukumar ANPER mai kula da lantarkin karkara da ma'aikatar ruwa su tsara aikin tare, ta yadda duk sabuwar rijiyar da za a haƙa za ta zo da wurin caji tun ranar da aka ƙaddamar da ita.