Uwar Kuɗi Ba Kuɗin Cefane Ba Ce

Kasuwanci yana buƙatar jari da wuri da masu saye, amma kafin waɗannan duka yana buƙatar mutumin da ya yarda a ransa cewa kuɗin da ke cikin akwatin ciniki ba nasa ba ne, na kasuwancin ne. A kan wannan tunanin sauran halayen ɗan kasuwa suke ginuwa, kuma a nan ne yawancin masu buɗe shago suke tuntuɓe. Karayar arzikin da ake ɗora wa sammu, ko hassadar maƙwabcin rumfa, ko lalacewar zamani, in aka bi diddiginta sau da yawa sai a tarar ta faro ne tun ranar da mai shago ya fara zura hannu cikin ciniki ba tare da ya rubuta ba.

Abu uku ne ke cakuɗe a cikin akwatin nan: uwar kuɗi, da ɗawainiyar shago, da riba. A ƙaddara mai tireda ne a bakin layi, ya ƙirga cinikinsa bayan isha'i ya sami naira dubu tamanin. Ido zai nuna masa ya yi kasuwa. Amma wataƙila dubu saba'in da biyu daga ciki kuɗin kayan da ya saro ne, waɗanda dole gobe su koma wajen 'yan sari. A cikin dubu takwas da suka rage akwai kuɗin mai ɗauko kaya, da man janareta, da rabon hayar shago na wannan rana. Abin da ya saura bayan haka shi ne nasa, kuma ba lalle ya kai rabin takwas ɗin ba. To a wannan yinin, yaro ya zo daga gida ya karɓi kuɗin cefane, ya haɗa da sabulu biyu da ƙullin sukari. Aboki ya zauna hira an buɗe masa lemo. An kawo katin ɗaurin aure, an ba da gudunmawa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga littafi, domin a ganin mai tireda duk kayansa ne. Bayan 'yan watanni sai a ga an fara jera kwalayen wofi a saman kanta don kada masu saye su gane kaya sun ja baya, ana zuwa neman madara yana cewa yanzu ta ƙare, gobe za a kawo.

Maganin wannan ba shi da tsada, nauyinsa a zuciya yake. Mai shago ya yanka wa kansa albashi kamar yadda yake yanka wa yaronsa, ya tsaya a kansa, duk abin da ya fita zuwa gida a rubuta shi da farashinsa. Abin da ke sa wannan wuya a ƙasar Hausa shi ne kunya. Mutumin da aka gani da rumfa a Kantin Kwari ko Singa, dangi sun riga sun sa shi a sahun masu hali, kuma in ya ce babu sai a ce abin duniya ya rufe masa ido. Zumunci wajibi ne, babu mai jayayya da haka. Sai dai daga riba ake yin sa. Wanda ya yi alheri da uwar kuɗi ya taimaki mutum goma bana, baɗi kuma shi da su za su taru a ƙofar wani suna jiran a taimake su.

Shekarun nan sun ƙaro wani tarko a kan na da. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a cikin 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari. A irin wannan yanayi mutum yana iya sayar da kaya sama da yadda ya saro, ya ga riba ƙiri-ƙiri a takarda, ya koma sari ya tarar kuɗin buhu ɗari ba sa sayen tamanin. Ya ci riba a naira, ya faɗi a kaya. Tsofaffin 'yan kasuwar Dawanau ba da kuɗi suke auna jarinsu ba, da buhu suke aunawa, kuma gaskiyarsu ce. Farashin da ya kamata a duba kafin a ce an sallama shi ne na sarin gobe, ba na jiya ba. Ko zakka ma horo ce ta wannan fuskar ga wanda ya ɗauke ta da gaske, domin mai juya kaya ba zai iya fitar da ɗaya cikin arba'in ba sai ya zauna sau ɗaya a shekara ya ƙiyasta hajarsa, ya san abin da ke hannunsa da abin da yake bin mutane.

Tarihin Alhassan Ɗantata ya nuna inda irin wannan riƙo yake kai mutum. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, mutanen da fatauci ya zama gadonsu, ya rasa mahaifinsa yana yaro. Ya shiga fataucin goro a lokacin da ayari ke shafe watanni a hanyar Gwanja da jakuna, ana fama da 'yan fashi da kuɗin fito. Abin da ya bambanta shi da tsararrakinsa shi ne bai ɗauki hanyar da ya gada a matsayin addini ba. Da ya ga jirgin ruwa yana ɗaukar goro daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana yanzu zuwa Legas cikin 'yan kwanaki, sai ya koma can. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa suna ɗokin auduga, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa, sai ya bi inda kasuwa ta nufa. Zuwa 1918 ya zama mai saya wa kamfanin Neja gyaɗa, yana raba wa wakilansa kuɗi su shiga ƙauyuka, har aka kai ga dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita. Ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai masa kuɗin azurfar Ɗantata. Mutane sun fi son wannan ɓangaren na labarin saboda daɗin faɗi. Abin lura a ciki shi ne kuɗin sun taru ne domin shekara da shekaru ribar tana komawa cikin sana'a, mai su kuma an san shi da tsimi da rashin almubazzaranci, ga shi bai ji tsoron banki ba a zamanin da attajirai ke binne kuɗi a tukunya.

Ya rasu a 1955, amma gidan bai rushe ba. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, sun ci gaba da harkar, kuma daga wannan tsatson ne ta wajen uwa Aliko Ɗangote ya fito, wanda ya fara da saye da sayarwa a ƙarshen shekarun 1970, ya koma sarrafa sukari da siminti da kansa, har ya gina matatar mai a Legas wadda aka ƙaddamar a 2023. Mutum yana iya samun ta cewa game da yadda manyan attajirai ke cin moriyar kusancinsu da gwamnati, kuma maganar tana da tushe. Duk da haka ba ta goge gaskiyar cewa kusanci da gwamnati ya sha sauka a hannun waɗanda suka mai da shi motoci da ƙarin aure, bayan shekara goma ko sunansu ba a ji.

Sai maganar bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwa ba ta tafiya sai da shi: ɗan sari yana ba ɗan kiri kaya, ɗan kiri yana ba mai gidan abinci, kowa na jiran wani. Ba bayarwar ce matsala ba, rashin rubutawa ne da rashin sa rana. Abin mamaki shi ne aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan wannan take magana, tana umarni da a rubuta bashi, a ambaci lokacin biya, a kafa shaidu, ƙarami ne ko babba. Amma sai ka ga mutumin da ba ya rasa sahun farko yana jin nauyin ɗauko littafi a gaban abokinsa, wai kada ya ga kamar ba a yarda da shi ba. In aka zo biya sai mai bi ya ce dubu hamsin ne, wanda ake bi ya rantse arba'in ne, a rasa kuɗin a rasa abotar. Ɗan kasuwan kirki yana da iyakar bashin da zai iya fitarwa, ya san ta, kuma in an kai ta yana iya cewa "Alhaji, ka yi haƙuri, sai an kawo na baya" ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Wannan ba ya nufin yarda ba ta da daraja. Ita ce ma jarin da ya fi kowane tsada. Cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, a unguwar Sabo ta Badun da zangon Kumasi, an gina shi ne a kan masu masauki da dillalai waɗanda ke tsaya wa baƙo. Bafatake zai bar garken shanu a hannun maigidan da ya sauke shi, a sayar wa mahauta bashi, ya karɓi kuɗinsa cif bayan makonni, domin maigidan ya san ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi isa kowane zango. Mai algus a mudu, da mai jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, da mai sauya wa atamfa tambari, duk suna sayar da wannan jarin ne a farashin ciniki ɗaya. A zamanin wayar hannu kuwa labarin ha'inci ba ya ma jiran ayari.

Akwai kuma gurguwar fahimtar tawakkali. Arziki na Allah ne, wannan haka yake, amma wasu sun mai da maganar mayafin sakaci. Shago ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi, mai shi ba ya sanin abin da ya shigo da abin da ya fita, in an yi magana ya ce rabo ne. Gobarar da ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ƙaddara ce, amma ajiye tsabar kuɗi a cikin rumfa a kwana, da jona wayoyin wuta barkatai, da tara dukan jari a wuri guda, zaɓin mutum ne. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa na Ansar ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Babu wanda zai ce ya fi shi tawakkali.

Kishiyar sakaci ita ce gaggawa, kuma ita ma tana kashewa. Masu zuba kuɗi a shirin damfara na MMM sun ga haka a Disambar 2016, na CBEX kuma a Afrilun 2025, kuma a cikinsu akwai 'yan kasuwa da suka kwashe uwar kuɗinsu domin an yi musu alkawarin riba mai tsoka cikin wata guda, a CBEX ma har ninki. Wanda ya san wahalar da ake sha kafin a sami ribar naira goma a kan ɗari bai kamata a ruɗe shi da ɗari a kan ɗari ba. Ƙanwar gaggawa kuma ita ce kwaikwayo. Wani ya kafa teburin POS a bakin layi ya samu, kafin wata uku an kafa shida a jere, kowa na zaune yana kallon ɗan'uwansa. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da unguwar ta rasa.

Abu na ƙarshe, wanda aka fi yin shiru a kansa, shi ne abin da zai faru da kasuwancin in mai shi ya kwanta ciwo ko ya rasu. Attajirai da yawa suna riƙe komai a ka: su kaɗai suka san wanda suke bi da wanda ke bin su, su kaɗai ke da makullin sito. Yaron shago zai yi shekara goma sha biyar yana ɗauko kaya ba a taɓa nuna masa inda ake sari ba, balle a yi maganar ranar da za a sallame shi. 'Yan kasuwar Ibo da ke Sabon Gari suna da tsari a nan da ya cancanci a duba: yaro yana shiga da sanin adadin shekarun da zai yi, in ya cika a ba shi jari ya buɗe nasa, sau da yawa ya dawo yana sari a wajen tsohon maigidansa. Yaron da ya san akwai ranar sallama yana tsare dukiya kamar tasa, wanda bai sani ba kuwa yakan sallami kansa da kansa a ɓoye.

In mutuwa ta zo, gado hukuncin Allah ne kuma dole a raba. Amma raba gado bai wajabta a wargaza shago a sayar da kanta da sikeli ba. Kasuwancin da aka yi wa rajista a hukumar CAC a matsayin kamfani yana da hannayen jari, kuma su ake raba wa magada gwargwadon rabon kowa, harka ta ci gaba da tafiya a hannun wanda ya iya, a riƙa raba riba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, ba sai ya nemo abokin tarayya ba. Sharaɗin dai shi ne a sami littafin da magada za su buɗe su gane, da asusun banki na kamfani dabam da na maigida, da mutum aƙalla ɗaya da aka koya wa aikin tun mai shi yana da rai.