Juji, Leda Da Harabar Masallatanmu

 'Yan'uwa Musulmi, batun da muka ɗauko a wannan wata, wasu za su ga kamar bai kai ya hau shafin mujallar addini ba. Batun juji ne da leda, da kuma itatuwan da ake shukawa a harabar masallatai da makarantu a Mada da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu. To amma duk wanda ya karanta hadisin rassan imani, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya san cewa kawar da abin cutarwa daga kan hanya reshe ne daga cikinsu. Abin da aka ƙirga a cikin imani kuwa bai yi ƙanƙantar da za a ƙi zubar masa da tawada ba.

A ƙasar Hausa juji dukiya ne tun kaka da kakanni. Tokar murhu, da kashin awaki da tumaki, da ƙaiƙayin gero, da tsohuwar jinka, da sharar tsakar gida, duk wuri ɗaya ake tara su. Idan rani ya yi nisa, sai magidanci ya ɗaura wa jaki mangala, ya yi ta jigila zuwa gona, yana zubawa tsibi-tsibi kafin ruwan shuka. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya kuma nuna cewa wannan taki da jakuna ke fitarwa yana cikin manyan dalilan da suka sa ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. A nan Zamfara akwai ƙari a kan haka, domin bayan kaka makiyaya kan sauka a gonaki, shanu su ci kara, su bar taki, manomi ya ba da damin hatsi, kowa ya tashi da riba.

Yau duka biyun sun yi rauni. Satar shanu da rashin tsaro da suka addabi jihar nan fiye da shekara 10 sun watse garake, sun kuma hana mutane da yawa zuwa gonakin nesa, saboda haka nauyin ciyar da iyali ya koma kan 'yan gonakin bayan gari. Buhun takin zamani kuwa, tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, ya fi ƙarfin talaka. A daidai lokacin da aka fi bukatar juji, a lokacin ne kuma leda ta lalata shi.

Ku je bayan gari ku duba gonar da aka zuba wa sharar kasuwa. Baƙar leda ce da ledar fiya wata ke rawa a kan kunya. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana kan farfasa ta ne kawai ta koma ƙanana, ta zauna cikin ƙasa, ta tare ruwa, ta tare saiwa. Mahauta shaida ne a kan dunƙulen leda da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya, dabbar da mai ita ya yi ta ba ta dussa tana ramewa bai san dalili ba. Wadda ba ta je gona ba kuma, ita ce ke toshe magudanar ruwa, damina ta zo ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Mai ƙona ta da yamma a ƙofar gidansa yana ganin tsafta yake yi, alhali kuwa hayaƙin yana shiga ƙirjin jariri da tsoho da mai asma a gidan maƙwabcinsa, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne a Musulunci.

Akwai abin da ya fi leda haɗari, wato fasassun batura, musamman na mota da na sola, waɗanda dalma ke cikinsu. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka kawo sabuwa kafin magani ya yi amfani. Ƙasa idan ta ci guba, ba a wanke ta da ruwa.

Wasu za su ce wannan aikin hukuma ne, a kafa doka. Lalle hukuma tana da nata nauyin, kuma ba mu sauke mata shi ba. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Amma maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ita ma ta yi irin wannan doka a 2014, ga shi kuma har yanzu a leda ake ƙulla wa mutum tumatir a kasuwannin Maraɗi. Doka ba ta shiga tsakar gida. Abin da ke shiga shi ne tarbiyya: uwargida ta ware abin da ke ruɓewa a gefe guda, leda da kwalba da gwangwani a wani buhu dabam. Ƙarfe da roba mai kauri dama 'yan jari bola suna saye da kuɗinsu. Ware shara kafin ta haɗu aikin minti ɗaya ne. Tsince ta bayan ta haɗu aikin yini ne.

A ganinmu, inda ya kamata a fara nuna wa jama'a wannan shi ne harabar masallaci da ta makarantar Islamiyya, domin nan ne kowa ke zuwa. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, kuma Zamfara tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Sai dai mai dasawa ya dasa ya tafi, bazara ta zo da zafinta, akuya ta ƙarasa abin da rana ta bari. Abin mamaki shi ne, a harabar da dashen ya mutu don ƙishi, a nan ruwan alwala ke kwarara zuwa titi yana zama taɓo, a nan kuma ake share busasshen ganyen darbejiya kowace safiya a cinna masa wuta. Abincin shuka da abin shanta suna wurin, ana zubar da su a gabanta.

Mu yi lissafi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa da mudu guda na ruwa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yake alwala, mudun Annabi kuwa bai cika lita ɗaya ba. A ƙaddara masallaci ne da mutum 100 ke alwala a cikinsa sau 5 a yini, kowa da lita ɗaya. Lita 500 ke nan, wato jarka 20 mai cin lita 25, a garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Ruwan nan mai tsarki ne matuƙar bai haɗu da na makewayi ba. Ɗan siririn kwata daga wurin alwala zuwa gindin itatuwa, shi ke nan.

Ganyen kuma rami yake bukata, ba ashana ba. A haƙa rami a bayan katanga, zurfinsa kamar zuwa ƙugu. A shimfiɗa busasshen ganye da ciyawa, a bi da kashin dabbobi, a barbaɗa 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ya cika, sannan a rufe da kara. Toka kaɗan ake sawa, domin idan ta yi yawa a kan ɗanyen kashi takan kore ƙarfin takin. A riƙa juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Idan aka tura sanda aka ciro ta da ɗumi, aiki na tafiya. Cikin wata uku zai koma baƙi, mai laushi, ba wari. Ga mai tambayar hukunci, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne muddin ba najasa take ci ba, saboda haka na awaki da tumaki da shanu za a kawo harabar masallaci, na jaki da doki a bar wa gona.

Ita kanta ledar fiya wata tana da sauran amfani ɗaya. A yanke bakinta, a huda gindinta, a cika ta da ƙasa da takin nan, ta zama mazubin renon iri, kamar yadda masu lambu suke yi. Ranar dashe a cire ta a mayar cikin buhu, kada a binne ta tare da shukar. Tsohuwar taya ko shingen kara sun isa su tsare dashe daga akuya.

Sai kuma zaɓen abin da za a dasa. Furannin ado na harabar ofisoshi, masu shan ruwa safe da yamma, ba su dace da mu ba. Hadisin Anas da ke cikin Buhari da Muslim ya sanya ladan sadaka ne ga mai shuka saboda abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa. Zogale da gwaiba da mangwaro da lemo suna ciyarwa, darbejiya tana ba da inuwar karatu. Gawo ya fi dacewa da gona, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, da barin kututture ya tofo suna yi masa sassabe suka mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5, ba tare da sayen iri ba. A maƙabarta kuwa, a tsaya a jikin katanga, kada a kai kan kaburbura.

Muna kira ga kwamitocin masallatai da shugabannin Islamiyyu da 'yan agaji su ɗauki wannan a zamansu na gaba, su kuma damƙa shi a hannun mutum ɗaya sananne, don kada ya zama aikin kowa da ba mai yi. Ɗalibai za su iya tara ganye da ban ruwa, amma tsintar kwalba da batir aikin manya ne, da safar hannu. Ramin da aka cika a watan Fabrairu zai nuna kafin ruwan Yuni.