GASHIN TABA: WUTA NA GYARA ƊANƊANO, BA TA KASHE DAFI

Duk wanda ya taɓa yin damina a Anaca ya san abin da laima ke yi wa kaya. Garin yana bakin Kogin Kwara, ruwan da yake samu a shekara kuwa ya kai kusan ninki biyu na wanda ake samu a Kano. Busasshen barkonon da aka ɗauko daga Arewa, in ya kwana bakwai a rumfa sai ya saki. Haka kifi, haka kuɓewa. Ganyen taba kuwa ya fi su duka saurin shan laima. Yau yana karyewa a hannu, jibi ya yi laushi kamar tsumma, in an yi sakaci fumfuna ta hau shi.

Saboda haka ne dattawan Hausawa mazauna wajen titin Bida da titin Sakkwato, a gefen babbar kasuwa, waɗanda ba su rabu da lofe ko batta ba, ba su kan rasa ɗan kasko kusa da murhu. Bayan an sauke tuwo, wuta ta lafa, sai a aza kaskon bisa garwashi, a zare jijiyar ganyen, a shimfiɗa shi, a riƙa juyawa da hannu. In hannu ya kasa jure zafin, to, wuta ta yi yawa. Sa'ad da ganye ya soma rikiɗa daga ruwan ƙasa zuwa duhu, ƙanshi ya tashi kamar na gyaɗar da ake soyawa, sai a sauke, a bar shi ya huce, a ɗura a gwangwani a rufe. In kuwa ƙauri ne ya tashi, an yi hasara. Daga nan mai lofe ya yayyanka nasa, mai shaƙa ya niƙa nasa da kanwa.

In aka tambayi mai gashin dalilinsa, amsa biyu yakan bayar. Ta farko, domin ganye ya yi daɗi, ya daina maƙaƙi. Ta biyu, wai wuta tana kashe dafin tabar. Amsar farko gaskiya ce. Ta biyun ce ya kamata a tsaya a kanta, gama rai ne a ciki.

Taba dai ba 'yar ƙasar nan ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, inda Turawa suka fara ganinta a 1492. Wajen shekara ta 1600 ta riga ta iso Afirka ta Yamma, har malamai irin su Ahmad Baba na Tambutu suka yi rubutu a kan hukuncinta. Ƙasar Katsina ta shahara da nomanta, matan Hausawa kuma suka ɗauki furenta suna rina haƙora da shi tare da goro. A ƙasar Ibo ana kiran garin taba utaba, kanwa kuma akanwu, mai kunne zai ji yadda sunayen suka yi kusa da na Hausa. Ita kanwar daga Barno da gefen Tafkin Cadi ta saba fitowa, kuma fataken Arewa sun daɗe suna sauke ta a Anaca, tun zamanin da jiragen ruwa ke gangarowa da kaya daga Lakwaja, kafin a gama ginin gadar Kwara a 1965.

Kafin a gane abin da kasko ke yi, sai an san cewa ɗanyen ganyen taba ba ya shawuwa, sai an busar da shi, kuma hanyar busarwar ce ke yanke irin ɗanɗanon da zai fito. Akwai hanyoyi huɗu. Ana rataye shi a inuwa iska ta busar da shi cikin mako huɗu zuwa takwas, wannan yakan cinye kusan dukan sukarin da ke cikin ganyen, ya bar shi da ƙarfi da maƙaƙi. Ana shanya shi a rana, kamar yadda ake yi a Turkiyya. Ana turara shi da hayaƙin itace. Sa'an nan akwai ta huɗu, watau a rufe shi a ɗaki a hura wuta a waje, zafi ya bi ta bututu ba tare da hayaƙi ya taɓa ganyen ba. A wannan hanya akan fara da zafi kaɗan, wajen digiri 35, a riƙa ƙarawa har ya kai wajen digiri 70 cikin mako guda. Ganye yakan fito rawaya, sukarinsa yana nan, har yakan kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa.

An ce asalin wannan rawayan ganye tsautsayi ne. A 1839, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wani bawa mai suna Stephen ya yi barci yana gadin rumbun taba, wuta ta kusa mutuwa, ya farka ya zuba gawayi da yawa, zafin ya tashi farat ɗaya, ganye ya fito da launin da ba a saba gani ba. Irin wannan ganye ne daga baya ya zama ginshiƙin sigari a duniya, har da Nijeriya, inda Kamfanin Taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a Fatakwal a 1956 da kuma Zariya a 1959.

To, abin da dattijon Anaca ke yi da kaskonsa ƙarin gashi ne a kan busarwar farko. Zafin yakan kori laima, ya kori wani ɓangare na sinadarin amoniya mai shaƙe hanci. Bugu da ƙari, yakan haɗa sukarin ganyen da sinadaran gina jiki da ke cikinsa, su ba da duhun launi da ƙanshi. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma ita ce ke ba gurasa da tsire da soyayyar gyaɗa launinsu da ƙanshinsu. Masu shan lofe a Ingila da Amurka su ma suna yin haka a gidajensu. Sukan sa ganyen a gwangwani, su ajiye a tanderu na sa'o'i da dama a zafin da bai kai na tafasar ruwa ba. Kamfanoni kuma suna turara ganye su danne shi, su sayar da sunan Cavendish. Ashe dabarar kasko ba ƙauyanci ba ce, ilmi ne da hannu ya gano kafin littafi ya rubuta.

Amma fa iyakar aikin wuta ke nan. Sinadarin nikotin, wanda shi ne ke kama mutum ya hana shi bari, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 247. Kaskon da ya kai haka ya riga ya mai da ganye gawayi. Kaɗan yakan tashi a wajen gashi, mafi yawa yana nan daram. Mafi muhimmanci kuma, baƙin kwaltan da ke taruwa a bakin lofe, da gurɓatacciyar iskar da ke hana jini ɗaukar numfashi, ba a cikin ganye suke ba tun farko. Ana haifar su ne a cikin tukunyar taba, sa'ad da aka kunna wuta ganye ya ƙone a zafin ɗaruruwan digiri. Yaya za a kashe jiya abin da sai yau za a haifa? Akwai kuma wasu sinadarai masu jawo ciwon daji da ake kira naitirosamin, waɗanda ke samuwa tun lokacin busarwa da ajiya. Kasko ba ya fitar da su. In ma hayaƙin itacen murhu ya bi ta kan ganyen, ƙarin guba aka samu.

Har ila yau, daɗin da gashi ke kawowa shi kansa tarko ne. Maƙaƙi da tari su ne gargaɗin da jiki ke yi wa mai shi. Tabar da ta yi laushi a maƙogwaro akan zuƙe ta har cikin huhu, a kuma sha ta sau da yawa. Rawayan ganyen nan mai sukari shi ya sa hayaƙin sigari ya zuƙu ba wahala, ciwon dajin huhu kuwa ya biyo baya. Tun daga 1917 masu sigarin Lucky Strike a Amurka suka yi ta talla cewa tabarsu gasasshiya ce, daga baya har suka ce gashin yana kare maƙogwaro. Binciken likitoci Richard Doll da Bradford Hill a Ingila a 1950, da rahoton babban likitan gwamnatin Amurka a 1964, sun nuna cewa sigari na jawo ciwon dajin huhu, ba su kuwa keɓe gasasshiya ba. Mai lofe kuma, ko bai haɗiye hayaƙi ba, leɓensa da harshensa da maƙogwaronsa suna cikin haɗari.

Shi ma mai shaƙa ko mai ɗurawa a baki bai tsira ba. Aikin kanwa a garin taba ba ɗanɗano kaɗai ba ne, tana sakin nikotin ne ya shiga jini da sauri, shi ya sa tabar da ta ji kanwa ta fi kama kai. A Sudan akwai tumbak, wanda ake tsima ganye a cuɗa da kanwa, kuma yana cikin tabar da aka auna aka samu mafi yawan naitirosamin a duniya. A Suwidin kuwa ana turara tasu tabar baki a masana'anta domin a kashe ƙwayoyin cuta kafin su haifar da wannan guba, sa'an nan a ajiye ta a sanyi. Nan lalle zafi ya rage wani abu, amma da awo da na'ura aka yi, ba da kasko ba. Duk da haka nikotin yana nan, kuma an hana sayar da ita a sauran ƙasashen Tarayyar Turai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba ma sha suke yi ba, hayaƙin wasu suke shaƙa. Wannan ya shafi ɗakunan haya na Anaca da Inugu da Fatakwal, inda ɗaki guda kan ɗauki maigida da yaran shago da baƙin da suka kawo kaya. A 2015 Nijeriya ta kafa dokar da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, ta kuma hana shan ta a wuraren taruwar jama'a. Sai dai doka ba ta shiga ɗaki, maganar dattijo ce ke shiga.

Saboda haka, wanda ya ga ba zai iya bari ba tukuna, ya san matsayin kaskonsa. Yana hana laima, yana gyara ƙanshi, shi ke nan. Ganyen da ya riga ya yi fumfuna a zubar da shi, gashi ba ya tsarkake shi. Kada a kunna lofe inda yara ke kwance. Wanda ya ga gyambo ko farin tabo a baki ya wuce mako biyu bai warke ba, ya nufi asibiti. Fiye da kome, kada a gaya wa yaron da ke tsugune yana hura wuta cewa an kashe dafin, gama zai yarda, kuma shi ne zai gaji kaskon. Masu iya magana sun ce taba ta bambanta da garin gero. Ko an gasa ta, ko an turara ta, ba za ta zama abinci ba.